Revive, revitalize, rejuvenate: wai duk farfaɗowa ce?

Masu fassara ku matso mu yi wannan maganar. Revive, resuscitate, revitalize, rejuvenate, har da recharge, kowacce da inda ta dosa a Turanci, amma in ka kunna labaran rana kusan duk "farfaɗo da" ake ce musu. Za a farfaɗo da noma, za a farfaɗo da ilimi, za a farfaɗo da ƙwallon ƙafa, wai komai na ƙasar nan a sume yake ne?

Don ni dai a sanina sai abu ya suma ake farfaɗo da shi. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a layi cikin zafin bazara, a ja shi inuwa, wannan na masa fifita wancan na yayyafa ruwa, can sai ya ja dogon numfashi ya buɗe ido yana tambaya ina ne nan. To wannan ita ce farfaɗowa, kuma ita ce revive da resuscitate, ba ja. Shi ya sa in aka ce za a farfaɗo da masaƙun unguwar Kakuri a Kaduna ba na musu, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe ƙofa a 2002, masaƙar UNTL ma ta rufe a 2007, injuna suka yi tsit, wannan kam suma ce, doguwa ma. Jirgin ƙasan Legas zuwa Kano da ya dawo aiki a ƙarshen 2012 bayan shekaru a ajiye shi ma farfaɗowa ya yi.

Revitalize fa abin na nan da ransa, yana motsi, ƙarfi ne ya ja baya. Kasuwa tana ci amma ciniki ya yi sanyi, rabin rumfuna a rufe. Nan muna da tamu tun tuni, tayar da komaɗa. Ka je wajen mai gyaran jikin mota ka gani, inda ƙofa ta lotsa sai ya bi ta ciki da guduma yana bubbugawa a hankali har wurin ya taso. Ƙarfen bai mutu ba, lotsawa ya yi. Ni a nan na tsaya, kuma 'yan jarida ma suna amfani da ita jefi-jefi wajen tattalin arziki, sai dai farfaɗo ta fi zuwa baki da sauri in lokacin labarai ya matso.

Wani malami ya ce me ya hana mu ce raya kawai mu huta. Allah gafarta malam raya tana da kyau, muna raya sunna muna raya al'ada muna raya dare da ibada, matsalar ita ce gwamnati ta riga ta ɗauke ta zuwa raya ƙasa da raya karkara, in ka ce za a raya kasuwa sai mutane su zaci sabbin shaguna za a gina. In kuma maganar addini ce ai ba sai mun yi aro ba, jaddada addini muke cewa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mujaddadi ake kiransa.

Rejuvenate ita ce mai daɗin. Ƙuruciya ce a cikin kalmar tun asalinta na Latin, mu kuwa muna da mayar da tsohuwa yarinya, abin da kafinta ke cewa in ya sake wa tsohuwar kujera katifa da yadi. Ta dace ɗas wallahi, illa dai ba za ka sa ta a bakin minista ba, dariya za a yi. A rubutu na hukuma sai a duba me ake nufi, in fatar jiki ce dawo da ƙuruciya, in jam'iyya ce ko ƙungiyar ƙwallo zuba sabon jini.

Akwai kuma murmurewa da muke mantawa da ita, ta wanda ya tashi daga jinya jiki ya fara cikowa. Kasuwanni bayan kullen korona na 2020 murmurewa suka yi.

Wadda ta tsaya min a wuya ita ce recharge. A waya caji ne ko sa kati, an gama. Amma Tafkin Chadi fa? Tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ƙanƙance sosai bayan farin da aka yi na rashin ruwan sama a shekarun 1970 da 1980, har aka yi taro a Abuja a Fabrairun 2018 kan janyo masa ruwa daga yankin kogin Kwango, a Turance aka ce recharge. Ba za mu ce a yi wa tafki caji ba, farfaɗowa kuma ba ta nuna cewa ruwa za a kawo daga wani wuri. Ni "ƙara wa tafkin ruwa" na rubuta don kowa ya gane, amma mutanen Baga da Diffa da Ngigmi, in ruwa ya dawo ya mamaye inda ya janye aka yi noma, me masunta ke ce masa a wajenku?