Binne Muka Yi a Tawa

Yau shekara guda da muka kai Inna makwanci a nan Tawa. Tana yarinya ta ji bishara a asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, ta riƙe ta har numfashin ƙarshe. Barci ya ƙi zuwa, sai na yi baiti. Mai amsa ya amsa.

Auta, Tawa:
Tabarmarki na nan a naɗe, Inna,
Turminki bai ji taɓarya ba bana,
Da Zabura 90 kika koya mini ƙidayar kwana,
Na ƙirga naki, zuciya sai ƙuna.

Yaya, Yamai:
Auta, yi kuka, ba saɓo ba ne,
Yesu ya yi wa Li'azaru, mu su wane ne?
Amma tuna Baba a gonarmu ta Adar,
Sama ba hadari, yakan fita binne,
Ya zuba hatsi a busasshen rairayi,
Ya dawo ya jira ruwa a zaune.

Auta:
Yaya, na ga binnen da bai tsira ba,
Yayyafi ya ruɗe shi, ruwa bai biyo ba,
Wani zabi suka tone, ba a girbe ba.

Baba Fasto, Tawa:
Ɗiyata, gaskiyarki, damina kan saɓa,
Ba a kan gajimare muka kafa bege ba.
Ƙwaya guda ta riga ta fasa ƙasa,
Ran Lahadi mata ba su iske gawa ba.
Nunan fari Bulus ya kira Yesu,
Mai gona bai manta sauran kunya ba.

Gwaggo, Yamai:
Ku bar ni in faɗi halin ƴar'uwata.
Da ɗanta ya tafi bida Abijan,
Bai faɗi ranar da zai komo mata,
Kullum sai ta share ɗakinsa,
Ta dama hura ta rufe da faifanta,
In mota ta tsaya, ta miƙe da guɗa.
Haka ta jira Yesu, da mai a fitilarta.

Auta:
Gwaggo, kin sa ni dariya da hawaye.
Na warware tabarmar, na share zaure,
Gobe da asuba zan ɗora taɓarya,
Maƙwabta su ji daka ta kan darni.
Zo, ya Ubangiji Yesu, ƙofa a buɗe.