Taƙaitaccen Bayani Kan Shan Ƙwayoyin Ciwon Sukari

Mafi yawan shawarwarin da suka fito daga wata tattaunawa kan ƙwayoyin ciwon sukari sun ta'allaƙa ne kan metformin, wanda shi ne maganin da likitoci suka fi fara bai wa masu ciwon sukari nau'i na 2. An jaddada cewa a sha shi tare da abinci, kuma galibi ana farawa da miligram 500 sannan a ƙara a hankali, domin rage tashin zuciya da gudawar da kan zo a makonnin farko. Wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai bai kamata ya sha shi ba, haka kuma idan amai ko gudawa mai tsanani suka kama mutum, sai ya dakatar da shi ya tuntuɓi likita. Shan sa na tsawon shekaru yana iya rage bitamin B12 a jiki.

Glibenclamide kuwa, wanda shi ma maganin ciwon sukari ne, ya fi buƙatar taka-tsantsan, saboda yana iya saukar da sukarin jini ƙasa da 70 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini), musamman ga tsofaffi da waɗanda suka tsallake abinci. Idan gumi, rawar jiki ko jiri suka bayyana, a sha cokalin shayi uku na sukari a ruwa, a gwada sukarin jini bayan minti 15. Masu niyyar azumin Ramadan su ga likita tun kafin watan ya kama, domin a daidaita lokacin shan maganin.

An kuma yi gargaɗi kan ninka ƙwaya bayan mantuwa, da haɗa ta da maganin gargajiya ba tare da sanin likita ba.