Yaya za mu jawo manya zuwa laburare?

Malamin Laburare: Salamu alaikum. Laburaren garinmu ɗalibai kaɗai ke shiga, su ma sai jarrabawar JAMB ta ƙarato. Ina so in shirya wa manya wani abu. Ta ina zan fara?

Hajiya Mai Ɗinki: Malam, fara da lokaci. Kada ka sa da safe ko ranar kasuwa, bayan la'asar ya fi. Mata kuma a ware mana rana, da malama mace, in ba haka ba mazajenmu ba za su bari ba.

Tsohon Hedimasta: Dattawa da yawa sun iya ajami. Ta nan za ka shigar da boko, amma kada ka kira ajin yaƙi da jahilci, kunya za ta hana su zuwa.

Ɗan Kasuwa: Ku koya mana tura kuɗi ta waya, zan zo.