Gona ta koma daji, in sa tarakta ko in nemo katafila?

Manomin Kumo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Akwai gonar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a hanyar Pindiga, kusan eka 7, shekara shida kenan ba wanda ya sa mata fartanya. Na je ranar Asabar wallahi sai da raina ya ɓaci, sabara ta kai min ƙirji, ga kalgo ko ina, ga magarya wasu kaurinsu ya kai damtsen hannu, ko inda rumfar Baba take da kyar na gane. Bana nake so in sa masara da wake. Wani ya ce in ɗauko tarakta da haro ta bi ta kai kawai, wani kuma ya ce ba abin da zai yi sai katafila. Wanne ya fi?

Direban Tantan:
Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Malam ni aikina kenan, Massey Ferguson 375 nake ja, kuma gaskiya duk direban da ya yarda ya shiga wannan gonar da haro yanzu to ba motarsa ba ce. Haro na farfasa ƙasa ne ba na sassabe ba, faifan yana hawa kututture ɗaya ya tsage ko boris ya tafi, ita kuma ƙayar magarya da aduwa tayar gaba take nema, ka wuni wajen mai faci aiki na tsaye kuɗin mai na tafiya. Kuma ko ka kwantar da sabara saiwarta na nan a ƙasa, ruwa biyu za ta sake toho ta fi da yawa.

Yanzu da rani ka sa matasa da adda da gatari su sare, amma manyan kar a sare su daf da ƙasa, a bar musu kamar tsayin gwiwa don sarƙa ta samu wurin kamu. A janye ƙayar gefe. Sai ka jira ruwan farko ya jiƙa ƙasa, a tona gindin da diga a datse saiwoyin gefe, sannan tarakta ta zo ta ja. Busasshiyar ƙasar Maris kam ko ka ja kututture ba zai fito ba sai dai sarƙa ta tsinke. Abin da nake roƙonka da Allah, ka tsaya da kanka ka ga inda aka ɗaura sarƙar. A ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaurawa, wanda ke ƙasa da aksul na baya. In aka ɗaura sama kututturen ya ƙi, gaban motar ne zai tashi ta kife ta baya kan direba, kafin ya taka kuloci an gama. Na taɓa gani da idona gaban mota ya ɗaga sama, Allah ne ya sa injin ya mutu, yaron ya sauko jikinsa na rawa ko magana ya kasa. Giya ta ɗaya, a hankali, ba fizga, kuma a kori yara daga wajen.

Dan Dukku:
Maganar katafila kam ka ajiye ta. Maƙwabcina ya yi, kwana ɗaya gona ta zama fili fes kowa na yabawa, ashe baƙar ƙasar saman nan duk an ture ta tare da itatuwa an tara a gefe. Ya zuba taki har ya gaji masara ta ƙi, damina biyu ruwa ya fara tsaga tsakiyar gonar. Mu a Gombe ba sai an ba mu labarin zaizayar ƙasa ba. Ka sani shekara shidan nan da ta huta ganyen da ya zuba shi ne arzikinka.

Malamar Gona:
Yayana kafin ka sa gatari ka zaga da jan ƙyalle ka ɗaure wa duk wanda ba za a taɓa ba. Gawo, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka. Gawo musamman, da damina yake zubar da ganye don haka baya yi wa shuka inuwa, ka duba hatsin da ke gindinsa kullum ya fi na gefe. A Maraɗi tun wajen 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani, maimakon a tumɓuke sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kututture a sare sauran, su tashi su zama bishiya, da haka gonaki da yawa a Nijar suka farfaɗo. Ita sabarar ma tana tare ƙasar da iska ke kwasowa lokacin hunturu, ga itacen girki.

Direban Tantan:
Hajiya gaskiya ne, amma in an bar su barkatai mota ba ta da wurin juyawa kuma rija ba za ta ja kunya a miƙe ba. A bar na kan iyaka da manyan, na tsakiya in za a bari to su zama a layi ɗaya.

Manomin Kumo:
Allah ya saka muku da alheri, na fasa katafila. Akwai gawo uku da ɗorawa ɗaya da Baba yake hana mu taɓawa tun muna yara, suna nan. Bana zan gyara eka 3 na gefen hanya tukuna, ragowar sai baɗi. Direba in ruwa ya sauka kana shigowa wajen Kumo ne, kuma sarƙar ni zan nemo ko kai kake zuwa da ita?