Muhawara: dokar "sai kowa ya yarda" ce ta kashe zaman kwance ɗamara na Janiba?

Ɗalibin Madina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muna hira da wasu ɗalibai 'yan Masar da Pakistan sai maganar makaman nukiliya ta taso, kuma abin ya tsaya min a rai. Akwai taron kwance ɗamarar yaƙi da ke zama a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan tun 1979, ƙasashe 65 ne a ciki har da Najeriya, amma yarjejeniyar ƙarshe da suka tattauna ita ce ta hana gwajin nukiliya a 1996, daga nan shiru har yau. Dokarsu kuwa ba a zartar da komai sai kowa ya yarda, ko jadawalin aiki ne ƙasa ɗaya in ta ce a'a an tashi kenan. Ni dai inaga wannan dokar ce ta kashe taron, a ajiye ta a koma ƙuri'a, masu rinjaye su wuce. Me kuka gani?

Kawu Direba, Jidda: Wa alaikumus salam. Ɗana ƙuri'a a kan wa? Wanda ke riƙe da bam ɗin zaka kayar da ɗaga hannu? To ka kayar dashi, sai ya ɗauki jakarsa ya fita, ku da baku da ko ɗaya ku zauna ku sa hannu cewa kun daina abin da dama baku taɓa yi ba. Wannan ai ɗaurin aure ne ba ango ba wakilinsa.

Ɗalibin Madina: Kawu Allah ya ƙara girma, amma ai ita kanta ta 1996 ɗin da ƙuri'a ta fito. Indiya ta toshe ta a Janiba, sai Ostareliya ta ɗauki takardar ta kai babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 158 suka ce eh. Da an tsaya jiran Indiya da har yau babu ita.

Kawu Direba, Jidda: Tayyib, ta fara aiki? Ka faɗi gaskiya.

Tafinta a Riyad: Bata fara ba Kawu, gaskiyarka a nan. Akwai ƙasashe 44 da aka ce dole sai sun amince dukkansu, majalisar dattawan Amurka ta ƙi a 1999, Sin bata kammala ba, Rasha da ta riga ta amince ta janye a 2023. Indiya da Pakistan kuma suka yi gwajinsu a watan Mayun 1998, Koriya ta Arewa tayi har sau shida daga 2006 zuwa 2017. Amma kuma a faɗi ɗayan gefen, Amurka tun 1992 bata sake tayar da bam ɗin gwaji ba, Faransa da Sin tun 1996, kuma an kafa tashoshin sa ido kusan ko'ina a duniya ta yadda in ka tayar a ƙarƙashin ƙasa ma sai an ji. Yani takardar bata zama doka ba amma ta sa abin ya zama abin kunya.

Inda ban yarda da ɗan uwanmu na Madina ba shine cewa dokar ce ta kashe taron. Ai da wannan dokar dai aka haɗa yarjejeniyar hana makamai masu guba a Janiban, aka sa hannu a 1993 ta fara aiki a 1997, kuma ita ce tafi kowace haƙora, har masu bincike gare ta. Me ya sa a lokacin dokar bata hana ba? Saboda an gama yaƙin cacar baka, manyan suna so. A 2009 ma lokacin da Aljeriya ke shugabanci an samu kowa ya yarda da jadawalin aiki, ana murna, sai Pakistan ta hana a aiwatar, har yau kuma ita ce ke tsaye a kan maganar hana sarrafa sinadarin da ake haɗa bam dashi, hujjarta itace Indiya ta riga ta tara fiye da ita, in aka ce a tsaya daga yau ba tare da an lissafa wanda ke rumbu ba to an daskarar da ita a baya kenan. Ka ga wannan tsoro ne na maƙwabci, ƙuri'a bata cire tsoro.

Baba na Rusaifa: Yara ku saurara. Ina yaro a gida kafin mu taho, Faransa ta tayar da bam ɗinta a hamadar Aljeriya, wurin da ake kira Reggane, a Fabrairun 1960, mutanen Arewa hankalinsu ya tashi don iskar hunturu daga can take busowa. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a 1961 a kan haka. Bamu da bam, amma turɓayar a kanmu zata sauka. To don me za'a ce wanda bashi da bam bashi da bakin magana? Afirka ta haɗu ta yi tata yarjejeniyar ta Pelindaba a 1996, wadda ta hana makaman nukiliya a nahiyar, Afirka ta Kudu ma ta kwance bama-bamanta guda shida da hannunta. Ni ina tare da yaron nan.

Kawu Direba, Jidda: Baba a yi min afuwa, ba musu nake da kai ba. Amma Gaddafi fa? Ya miƙa shirinsa na nukiliya a ƙarshen 2003, a 2011 me ya faru? Yukiren ta miƙa nata makaman a kan alkawarin Budapest na 1994 cewa ba za'a taɓa iyakokinta ba, yau ina take? Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Duk mai riƙe da shi yana kallon waɗannan biyun.

Hajiya 'yar Maiurno: Salamu alaikum, ina ta karantawa nayi shiru amma na kasa. Ku kuna maganar nukiliya, mu abin da ya fitar damu daga Khartum bayan 15 ga Afrilun 2023 ba nukiliya bane, bindiga ce da igwa da jirage marasa matuƙa, na kwana uku a hanyar Bur Sudan da yara kafin mu samu jirgin ruwa zuwa nan. A garin nan na Jidda ɓangarorin biyu na yaƙin Sudan, sojoji da dakarun RSF, suka sa hannu ran 11 ga Mayu cewa zasu kare farar hula, dukkansu fa sun yarda, ba wanda aka kayar da ƙuri'a, to ya tsaya? Darfur tun 2004 akwai takunkumin makamai na kwamitin sulhu, makamai basu daina shiga ba ko rana ɗaya. Don haka Kawu kar ka ce min in kowa ya yarda shikenan, na ga an yarda kuma an ci gaba da harbi.

Amma wallahi akwai guda ɗaya da zan shaida. Yarjejeniyar hana nakiyar da ake binnewa, wadda Kanada ta jawo a Ottawa a 1997 bayan an gaji da jiran manya. Amurka da Rasha da Sin basu shiga ba, Sudan ta shiga, kuma 'yan uwanmu na wajen Kasala sun ga masu tonon nakiya da idonsu, gonakin da ake tsoron takawa aka koma nomawa. Wanda ɗansa ya dawo daga kiwo da ƙafafunsa biyu ba zai ce takarda ce kawai ba.

Ɗalibin Madina: Allah ya mayar daku gida lafiya Hajiya, Allah ya kashe wutar nan. Abin da nake nufi kenan. Haka ta cinikin makamai a 2013, Iran da Siriya da Koriya ta Arewa suka hana a cimma matsaya, aka kai zaure ranar 2 ga Afrilu ƙasashe 154 suka wuce da ita. Ta haramta nukiliya baki ɗaya a 2017 ƙasashe 122, ta fara aiki a Janairun 2021, Najeriya na ciki.

Tafinta a Riyad: Kuma cikin tara masu bam ba ko ɗaya a ciki, ya akhi. Ita ta Ottawan ma a 2025 Poland da Finland da ƙasashen Baltik uku suka ce zasu fita saboda tsoron Rasha, ka ga tsoron nan ya sake dawowa. Ni abin da yafi ci min rai ma namu ne na yankin nan. A 1995 aka ce wa Larabawa ku yarda a tsawaita yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya har abada, mu kuma zamu yi aikin raba Gabas ta Tsakiya da makaman ƙare dangi. A 2010 aka sa taro a 2012, daga baya aka zaɓi Helsinki, ba'a yi ba. Taron bita na 2015 ya watse a kan wannan maganar, Amurka da Birtaniya da Kanada suka ƙi. Masar da sauran suka bi irin hanyarka, suka kai zaure, aka fara zama a New York a Nuwamban 2019, kujerar Isra'ila babu kowa, ta Amurka ma haka. To faɗa min, yankin ya rabu da makamin ne in wanda kowa ya san yana dashi baya ɗakin?

Ɗalibin Madina: Bai rabu ba. Amma kafin 2019 irin wannan zaman babu shi, yanzu Iran da Saudiyya da Masar suna zama a teburi ɗaya a kai, kuma kun ga a Maris 2023 a Beijing an maido da hulɗa tsakanin Riyad da Tehran bayan shekara bakwai ba jakada. Na yarda Malam Tafinta, na janye cewa dokar kaɗai ce. Amma aƙalla jadawalin aiki, wato a zauna a fara magana kawai, bai kamata ƙasa ɗaya ta iya hanawa shekara da shekaru ba. A bar mata haƙƙin ƙin sa hannu a ƙarshe.

Kawu Direba, Jidda: In ka tilasta mata zama ran da aka zo sa hannu zata ƙi, an koma gidan jiya. Ni har yanzu ban gamsu ba. Ina da ɗauka a filin jirgi, in na sauke su zan dawo in ji amsar da zaka ba Malam a kan Pakistan, don baka taɓa ta ba.

Hajiya 'yar Maiurno: Ku sa ƙanena a addu'a dan Allah, yana wajen Sinnar, kwana tara kenan wayarsa bata shiga.