Wai me za mu kira centre-back da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman agaji. Jiya ina rubuta ɗan tarihin tsohon ɗan ƙwallon ƙafa Oguchi Onyewu, na zo kan gurbin da ya buga, wato centre-back, alƙalami ya tsaya cak.

2/ Ga wanda bai san shi ba: a Washington aka haife shi a 1982, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ya buga wa jami'ar Clemson, ya tafi Metz ta Faransa a 2002, ya ci kofin lig ɗin Beljiyam da Standard Liège a 2008 da 2009, daga nan AC Milan ta ɗauke shi. Wasa 69 ya yi wa Amurka. Ƙato ne na gaske, mai ƙirar samudawa.

3/ "Ɗan baya" bai ishe ni ba. Na gefen nan da ke sheƙawa gaba ya bugo kuros shi ma ɗan baya ne, alhali aikinsu ba ɗaya ba. Onyewu tsayawa yake a gaban gola yana share ƙwallon sama da ka.

4/ A gidan kallonmu ba a wahala, "biyar yake bugawa" kawai za a ce, kowa ya gane. Ina son wannan har raina. Amma lamba a riga take. Shi kansa 22 ya sa a Kofin Duniya na 2006, sai a 2010 ya sa 5, gurbin kuwa bai sauya ba.

5/ Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce in sa "katanga". Malam, na gode, amma katanga tana da aikinta: ita ake jerawa idan za a buga firikik. Wani ya kawo "garkuwa". Da daɗin ji, sai dai kirari ne. Ranar da aka yanke mutum aka zura uku, da wane baki za ka ce masa garkuwa?

6/ "Mai tsaron baya na tsakiya" daidai ne, amma kafin mai sharhi ya gama faɗa an ci ƙwallon.

7/ Ni dai na rubuta "ɗan bayan tsakiya", na gefe kuma "ɗan bayan dama" da "ɗan bayan hagu". Jam'insa "'yan bayan tsakiya", ba ya harɗe harshe. Mutanen Kumasi da Garwa, ku me kuke cewa a can?