Ina ya dace a girka babbar manhaja, /opt ko /usr/local?

Sadiq_Dev: Assalamu alaikum. Zan girka Qt (kayan aikin gina manhajoji) a sabar Debian, wani nau'in Linux, amma ba ta apt ba, wato manhajar da Debian ke girka kaya da ita. Abu ne babba, yana zuwa da nasa foldodin bin da lib da include. Ina ya dace in ajiye shi? Ina son duk wanda ya gaje ni a kan sabar nan ya gane inda komai yake.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kai shi /opt. Ƙa'idar FHS ta tsarin ajiye fayiloli a Linux, wadda bugunta na 3.0 ya fito a 2015, ta ware /opt don irin wannan manhaja mai zuwa a dunƙule. Saitunanta su tafi /etc/opt, bayanan da ke canzawa kuma /var/opt. Ranar cirewa, folda ɗaya za ka goge a /opt, sai kuma nata na /etc/opt da /var/opt. A /usr/local kuwa fayilolin za su warwatsu cikin bin da lib, su cakuɗe da na wasu. Sauran /usr, ban da /usr/local, kada ka taɓa shi sam, na apt ne.

Zainab_Linux: Malam Habu, gaskiya ne, amma ba kowa ke bi ba. ROS, manhajar mutum-mutumi, na zama a /opt/ros, CUDA ta kamfanin Nvidia kuwa /usr/local/cuda. Ni dai nakan sa lambar siga a sunan, kamar /opt/qt-6, yadda siga biyu za su zauna tare.

Sadiq_Dev: Na gode ƙwarai. To yaya tsarin zai gano lib ɗin?

Malam Habu: Rubuta hanyarsa a sabon fayil cikin /etc/ld.so.conf.d, ka kunna ldconfig don tsarin ya sabunta jerin lib, sannan ka ƙara bin ɗin a PATH, wato jerin wuraren da tsarin ke neman umarni.